Na ga manhaja a GitHub babu lasisi, zan iya ɗauka?

Tambaya: Malam, na samu wata manhaja a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, da ta dace da aikina, amma babu fayil ɗin LICENSE a cikinta. Tunda a buɗe take, ai zan iya sa ta cikin tawa in sayar ko?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar ta fi kowace tayar mini da hawan jini, kuma kusan kullum sai wani ya sake aiko ta. Ganin ƙofa a buɗe ba ya nufin an ce ka shiga ka kwashi kaya. Haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki tun ranar da mai shi ya rubuta shi, ba sai ya yi rajista ba. Haka yarjejeniyar Berne ta tanada, kuma galibin ƙasashen duniya sun sa mata hannu. Idan bai saka lasisi ba, komai yana hannunsa. Abin da ƙa'idojin GitHub suka ba ka shi ne ka duba, ka yi fork, wato ka kwafo ta zuwa asusunka, a cikin dandalin. Sayarwa ba ta ciki.

Waɗanda suka fi ba ni haushi ma su ne masu rubuta a README, fayil ɗin bayanin manhaja, cewa kowa ya yi amfani da ita. Amfani wane iri? Gyarawa? Rarrabawa? Kasuwanci? Ko masana sun taɓa faɗawa wannan ramin: lasisin JSON (wani tsarin rubuta bayanai) na 2002 ya ɗauko kalmomin lasisin MIT mai sassauci, ya ƙara sharaɗin a yi aikin alheri da manhajar ban da sharri. Wa zai yanke hukuncin mene ne sharri? Wannan jimla ɗaya ta sa Debian, masu haɗa wani sanannen tsarin Linux, ta ƙi karɓar sa a matsayin lasisi mai 'yanci.

Ka buɗe issue, wato saƙo a shafin manhajar, ka roƙi mai aikin ya saka sanannen lasisi kamar MIT ko Apache 2.0. Idan ya yi shiru, nemi wata. Ni dai kafin in sauke komai, fayil ɗin LICENSE nake fara buɗewa, kafin ma README.

Tambaya: An rubuta lasisin GPL kawai, babu lambar fitowa. Wacce ake nufi?

Amsa: Rubutun GPL ya ce idan manhaja ba ta faɗi lamba ba, kana iya zaɓar kowace daga waɗanda aka fitar, wato ta 1989, 1991 ko 2007. Amma duba saman fayilolin tukuna, sau da yawa can aka ɓoye lambar. Kuma GPL-2.0-only (ta biyu kaɗai) daban, GPL-2.0-or-later (ta biyu ko wadda ta biyo baya) daban. Linux GPL-2.0-only take bi, kuma wannan lasisin ba ya haɗuwa da Apache 2.0.

Tambaya: Lasisin MIT ne. Zan iya goge sunan marubucin in sa nawa?

Amsa: 'Yar'uwa, a'a. Bawan Allah ya ba ki damar gyarawa da sayarwa, sharaɗinsa guda ne: ki bar sanarwar haƙƙin mallakarsa da rubutun lasisin. Shi ma kike so ki goge? Ƙara sunanki a ƙarƙashin nasa kan abin da kika rubuta.