Jinya ba takaba ba ce

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Babanku kike zama gefensa da littafi a hannu, ƙawayenki na zuwa ku taɓa hira, har wata mai dubiya ta ce 'yar da ubanta ke kwance ba ta karatun labari, ba ta dariya. Kina tambaya ko al'ada ta hana, kuma ko ya dace ki je bikin aminiyarki.

Ba ta hana ba. Matar nan ta haɗa jinya da takaba ne. Mai takaba ce ke zaman wata 4 da kwana 10 ba ado, saboda mijinta ya rasu. Yayana kuwa yana raye, yana ji, yana gani, kuma fuskokinku yake duba ya auna jikinsa. In kullum ya gan ki da tagumi, zai ɗauka akwai abin da likita ya faɗa kuke ɓoye masa.

Abin da ke kan mai jinya aiki ne. Maganin hawan jini a kan lokacinsa, ko da ya ce ya ji sauƙi. A juya masa kwanciya duk bayan awa 2 don kada gyambo ya fito. A rage gishiri da magi a miyarsa, kada kuma a yi fashin zuwa gashin ƙashi, domin a watannin farko jiki ya fi saurin dawowa. Wanka da tsarki na Mamanku ne da 'yan'uwanki maza, wannan kam al'ada ta ɗauke miki. In kin sauke naki, sauran lokacin naki ne. Iyayenmu mata da suka yi jinya a ƙauye ba hannu suka naɗe ba: wata na kaɗi, wata na ɓarar gyaɗa, wata na ɗinkin hula, duk a bakin gadon mara lafiya. Ke littafi kika samu. Ni ma da so samu ne, ki riƙa karanta masa a bayyane, kin san mutumin rediyo ne, kunnensa ya saba da labari.

Ƙawayenki kuma kada ki kore su. Dubiya tana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Sai dai tana da ladabi, kuma ke za ki tsare masa shi: su shiga su ce "ya jiki?", a ce "da sauƙi", su yi addu'a su fito, doguwar hira ta koma tsakar gida. Ban yarda kowa ya ɗauke shi hoto ya sa a WhatsApp ba, ko da sunan neman addu'a ne. Masu zuwa da labarin wane da ciwon ya kashe, da masu kawo sassaƙe su ce a ajiye na asibiti, ki yi musu godiya ki raka su ƙofa.

Batun biki, ki tuna abin da Salmanu ya faɗa wa Abu Darda'i, Annabi (SAW) ya gaskata shi: Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da haƙƙi, iyalinka na da haƙƙi. Ki je wuni, ki kai gudummawarki, ki dawo kafin magariba. Dina da kiɗan dare ki haƙura da su bana, don zuciyar Mamanku, wadda ta fi kowa ɗaukar nauyin nan. Kafin ki fita ki durƙusa ki nemi izinin Babanku da kansa. Harshensa ya yi nauyi, amma har gobe shi ne maigida, kuma ba abin da ke karya mara lafiya kamar a daina shawara da shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki ce wa yayanku ya tsara muku karɓa-karɓa, kowa ya san ranarsa. Ranar bikin ni zan zo in zauna da shi. Ki gaishe min da Mamanku, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Gwaggonki