Mahayin Dokin Tsere Yana Son Barin Maigidan da Ya Koya Masa Hawa: Butulci Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mahayin dokin tsere ne. Tun ina ɗan shekara 15 na shiga hannun wani mai horar da dawaki. Da sharar barga da wanke dawaki na fara. Shi ya koya mini zaman sirdi, shi ya fara aza ni a kan doki ranar gasa, lokacin da babu mai dokin da ya yarda da ni. Da na faɗi na karye, shi ya yi jinyata. Yanzu sunana ya fito, wata babbar barga tana nemana da albashi mai tsoka, ga shi saura wata 7 yarjejeniyarmu ta ƙare. Da na gaya masa sai ya kira ni butulu. Alhali bara, ana saura kwanaki kaɗan babbar gasa, ya sauke ni daga dokin da na sha wahalarsa ya ba wani. Akwai kuma ranar da ya ce in danne doki kada ya ci, don a rage masa nauyin da ake ɗora masa a gasa ta gaba. In na tafi na ci amana? Kuma biyayyata gare shi ta kai har nan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, asalin sana'arka halal ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya tsere tsakanin dawakin da aka horar, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, Ibn Umar da kansa yana cikin mahayan. Ka ga an raba horarren doki da wanda ba a horar ba, wato aikin maigidanka ma sananne ne tun zamanin Sahabbai. Kyautar da hukuma ko mai shirya gasa ya sa halal ce. Cacar da 'yan kallo suke yi a kan wane doki zai zo na ɗaya ita ce haram, da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Ladanka ka karɓe shi a kan hawa, ka nisanci caca ko da a kan dokin da kake kai ne.

Abin da ya rikita ka, ya kuma rikita maigidanka, shi ne kun cakuɗa haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin yarjejeniya, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Akwai haƙƙin alheri, wannan ba ya ƙarewa, amma kuma ba ya mayar da ɗa bawa.

Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙodago gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka don mutum ɗaya na wani lokaci sananne, shi ne "ajirun khas", akwai mai yi wa kowa aiki, shi ne "ajirun mushtarak". A filin tsere ma haka yake: wani mahayin barga ɗaya ta riƙe shi tana biyansa, wani kuwa mai zaman kansa ne, duk wanda ya kira shi zai hau masa. Kai kana cikin kashi na farko. Ijara kuwa, wato yarjejeniyar ɗaukar aiki da lada, ƙulli ne mai lizimta, ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai ba tare da uzurin shari'a ba. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika ƙulle-ƙullen alkawari." Annabi (SAW) kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Saboda haka watannin nan 7 bashi ne a wuyanka. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba ya halatta ka tsallake ka tafi, kuma ba ya halatta ka zauna da jiki zuciyarka tana can, kana hawa da rabin ƙarfi. Ko kotunan da ba na Musulunci ba sun san nauyin wannan: a shekarar 2011, da safiyar ranar gasar Derby ta Ingila, kotun ɗaukaka ƙara ta hana wani mahayi mai suna Kieren Fallon hawan dokin da ya zaɓa, saboda ya riga ya ƙulla yarjejeniya da mai wani dokin. Musulmi ya fi cancantar ya tsare wannan ba sai alƙali ya tilasta shi ba.

In kana gaggawa, ƙofa ɗaya ce: ka roƙe shi ya sake ka da yardarsa, ko da za a biya shi diyyar abin da ya rage. In ya yarda, shi ke nan. In ya ƙi, ka yi haƙuri. Su ma masu nemanka su ji tsoron Allah, kada su zuga ka ka warware. An hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, malamai kuma sun shigar da ijara a ciki.

To idan wa'adi ya cika fa? Tafiyarka halal ce, ba cin amana ba ce, ba kuma butulci ba. Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin Suratul Ƙasas. Annabi Musa (AS) ya isa Madyana a tsorace, ba shi da kowa ba shi da komai. Dattijon nan ya ba shi masauki, ya kwantar masa da hankali, ya aurar masa da 'yarsa, a kan ya yi masa aiki shekara 8, in ya cika 10 to daga gare shi ne. Wane mai horar da doki ne ya yi wa yaronsa alherin da ya kai wannan? Duk da haka Alƙur'ani ya ce da Musa ya cika wa'adin sai ya tafi da iyalinsa, babu zargi ko kaɗan a cikin ayar. Ka kuma lura, Ibn Abbas ya ce wa'adin da ya fi tsawo Musa ya cika. Ke nan in ka ƙara wa maigidanka wani lokaci don kunya da karamci, ka yi abin da ya fi, amma ba wajibi ba ne.

Sai godiya, ita ce na fi jiye maka tsoro, domin suna yana sa mantuwa. Annabi (SAW) ya ce: "Wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah." Ya kuma ce duk wanda ya yi muku alheri ku saka masa, in ba ku samu abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har ku ga kun saka. Bayan yaƙin Badar ya ce da Muɗ'imu ɗan Adiyyu yana raye ya yi masa magana a kan fursunonin, da ya sakar masa su, saboda kariyar da ya ba shi lokacin da ya dawo daga Ɗa'ifa. Mutumin nan bai musulunta ba, ya riga ya mutu, amma ba a manta da halaccinsa ba. Ina ga Musulmin da ya yi jinyarka?

A aikace, ka je da ƙafarka ka yi masa sallama, kada ya ji labarin tafiyarka a bakin 'yan jarida. Ka ba shi isasshen lokaci ya nemi wani. In an miƙo maka makirufo bayan ka ci gasa, ka ambaci wanda ya koya maka riƙon linzami. Ranar da ya rasa mahayi kai kuma kana da sarari, ka hau masa. Asirin bargarsa kuwa, wane doki ne ke da ciwon ƙafa, yadda yake shirya su, me ke tsakaninsa da masu dawaki, duk amana ne, ba ya halatta ka kai su sabon wuri ko bayan shekara nawa ne.

Shi ma maigidan ina da magana da shi, cikin girmamawa. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 264, kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. Kuma a faɗi gaskiya, ba shi kaɗai ya bayar ba. A wannan sana'a ana rage wa dokin da ɗan koyo ya hau nauyi. A tseren fili na Birtaniya, wato wanda ba a tsallake shinge, alal misali, laba 7 ake ragewa har sai yaro ya ci gasa 20, sannan 5, sannan 3. Mai horo yana cin moriyar wannan ragi, ga shekarun da yaro ya yi yana sammakon barga. Sauke ka da ya yi bara kuwa yana da fuska biyu. In bai yi maka alkawarin dokin ba, ko mai dokin ne ya nemi a canza, bai yi laifi ba, domin shi ma amintacce ne a kan dukiyar wani, wajibinsa ya zaɓi abin da ya fi wa dokin. In kuwa ya yi maka alkawari har ka ƙi wani hawan saboda shi, to mashhurin mazhabar Malik shi ne alkawarin da ya shigar da mutum cikin ɗawainiya yana lizimta, sai ya biya ka abin da ka rasa. Ko ma yaya ne, kuskurensa na rana ɗaya ba ya share alherin shekaru, ba kuma ya ba ka lasisin karya taka yarjejeniyar.

Batun danne doki ba ya buƙatar dogon bayani. Haram ne. Yaudara ce ga mai doki, ga masu auna nauyi, ga sauran mahaya. Muslim ya ruwaito: "Wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu." Biyayya kuwa a cikin abin kirki kaɗai take. Ka ƙi cikin ladabi, ka gaya masa dalili a keɓe. In ka riga ka aikata, ka tuba, ka mayar da duk abin da ka samu ta wannan hanya. In ya dage sai ka yi, har ya mai da shi sharaɗin aikinka, to wannan uzuri ne da yake halatta maka neman warware yarjejeniyar kafin watanni 7 ɗin, ta hannun hukumar da ke kula da tseren ko dattawan da ku biyun kuka yarda da su.

Wallahu a'alam.