Tambaya da Amsa: Wane tallafi ya kamata masu sabuwar dabara su nema daga gwamnati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a ƙaramar hukumar Jega ta jihar Kebbi. Bayan tashin farashin fetur, mun yi karo-karo mun sayi injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, muna ba ƙananan manoman rani haya su biya bayan girbi, har da mata masu ɗan lambu waɗanda ba su da halin sayen mai. Abin ya karɓu, har masu nema sun fi ƙarfin injinan da muke da su. Yanzu an ce za a ba mu damar ganawa da jami'an ma'aikatar gona ta jiha. Wasu daga cikinmu na cewa mu roƙi a raba mana injina kyauta, wasu kuma na cewa mu yi nesa da gwamnati don kada ta ɓata mana tsari. Malam, ta yaya manufofin gwamnati ke tallafa wa irin wannan aiki, kuma me ya kamata mu nema?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam sakatare, Allah ya yi wa wannan aiki naku albarka. A ganina ɓangarorin biyu duk sun hango wani abu na gaskiya, amma ba zan ba ku shawarar bin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ku je ganawar, sai dai ku tafi da buƙatun da gwamnati ce kaɗai ke iya biyansu, wato amincewar doka, hanyar samun bashi mai tsari, ciniki, da bayanan da babu mai tara su sai hukuma. Injin kyauta ya zo a ƙarshen takardarku, in ma har ya shiga.

Dalilin da ya sa na ce haka yana cikin tarihin fadamun yankinku. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, bisa tsarin da aka zana daga sama ba tare da an zauna da masu gonaki yadda ya kamata ba, kuma rikicin diyya da ya biyo baya a shekarar 1980 ya ci rayukan manoma. Abin da ya sauya noman rani a kwarin Rima daga baya ƙaramin abu ne ƙwarai idan aka kwatanta shi da dam: ɗan injin fetur, tiyo, da rijiya marar zurfi da ake haƙawa a cikin gona, waɗanda suka maye gurbin jigo. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da bashin Bankin Duniya bai ƙirƙiro noman fadama ba, domin mutane sun gaje shi kaka da kakanni. Abin da ya yi shi ne sauƙaƙa mallakar injin da rijiyar, sannan a zagaye na biyu, wanda Kebbi ke cikin jihohinsa, aka bar ƙungiyoyin masu amfani da fadama su zaɓi abin da suke buƙata da kansu, su kuma zuba nasu kason na kuɗi. Wanda ya sa guminsa a cikin inji yakan san inda makaniki yake idan ya lalace. Wannan shi ne tsarin da ku ma kuka bi ba tare da kowa ya koya muku ba, kuma shi ne abin da ya kamata ku fi tsarewa a duk wata yarjejeniya.

Ku dubi abin da zai faru idan aka sauke muku injina kyauta da sunan tallafi. Manomin da ya saba biyan haya bayan ya sayar da albasarsa ko shinkafarsa zai ji labari tun kafin motar ta bar Birnin Kebbi, kuma tambayar da zai fara yi ita ce, don me zai biya kuɗi a kan kayan gwamnati. Ba za ku sami amsar da za ta gamsar da shi ba. Daga nan sai kansila ya aiko da sunaye, shugaban jam'iyya na mazaɓa ya aiko da nasa, ku wayi gari kuna rabon abin da a da kuke gudanarwa bisa ƙa'ida. Jiharku ta ga irin wannan a babban mataki. A watan Nuwamban 2015 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance, wato Anchor Borrowers, a Kebbi, kuma babu mai musun cewa noman shinkafa ya bunƙasa, har aka ƙulla haɗin gwiwa da Legas wanda ya haifar da shinkafar Lake Rice a 2016, aka kuma buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Amma manoma da yawa a faɗin ƙasar sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, biyan bashi ya yi rauni, daga bisani Babban Banki ya janye hannunsa daga irin waɗannan shirye-shirye. Ku kuwa masu hayarku suna biya ne saboda sun san ku, sun san iyayenku, sun kuma san cewa in ba su biya ba maƙwabcinsu ne zai rasa ruwa baɗi. Wannan amana ita ce jarinku na gaske, kuma gwamnati ba ta da irinta.

Saboda haka buƙata ta farko ita ce rajista, kuma a nan ya kamata ku yi tunani kafin ku zaɓa. Ƙungiyoyi da yawa kan garzaya hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa (CAC) su yi rajista a matsayin ƙungiyar amintattu, wato ƙungiyar da ba don neman riba aka kafa ta ba, alhali dokar kamfanoni ta 2020 ba ta yarda irin wannan ƙungiya ta raba riba ga mambobinta ba. Tun da ku kun zuba kuɗinku kuma kuna karɓar haya, abin da ya fi dacewa da ku shi ne rajistar ƙungiyar gama kai, wadda ake yi a matakin jiha a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai. Da ita ne za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ku sa hannu a yarjejeniya, ku kuma kai ƙara idan aka cuce ku. Abin da jiha za ta iya yi a nan ba ya cin kuɗi mai yawa: ta rage kai-komo, ta bayyana kuɗin rajista a fili, ta kuma turo mai binciken lissafi sau ɗaya a shekara ya duba littattafanku. Wasu kan ɗauki binciken nan a matsayin takura. Ni ina ganin shi ne babban alherin da hukuma za ta yi muku, domin yawancin ƙungiyoyin da na ga sun watse, zargin ma'aji ne ya watsa su.

Buƙata ta biyu ta shafi kuɗi, kuma ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta. Matsalar injin sola ita ce tsadarsa duk a ranar saye take, alhali amfaninsa a hankali yake dawowa cikin shekaru. Banki kuwa yakan nemi takardar fili ko gida a matsayin jingina, abin da matasa ba su da shi. Amma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta halatta jinginar da kadarori masu motsi, kuma akwai rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Banki, wanda ke nufin injinan da kuka riga kuka mallaka da farantan solarsu na iya tsaya muku a gaban mai ba da bashi. Abin da ke hana bankuna amfani da wannan dama shi ne tsoron asara. A nan ne gwamnatin jiha ke da rawar da babu mai takawa sai ita: maimakon ta kashe kuɗi ta sayo injina ta raba, sai ta ajiye wani kaso a matsayin lamuni, ta ce wa banki idan ƙungiya mai rajista ta gaza biya za ta ɗauki wani ɓangare na asarar. Kuɗin da zai sayi inji ɗaya a rabon kyauta zai iya tsaya wa injina da dama ta wannan hanya, kuma bashin yana nan a matsayin bashi, tsakaninku da banki. Na san da yawa daga cikin mambobinku ba za su yarda da kuɗin ruwa ba, don haka ku faɗa tun farko cewa kuna son tsarin murabaha ko ijara, inda banki zai sayi injin ya sayar muku da ribar da aka yanke, ko ya ba ku haya har ku mallaka. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa tun 2011, kuma bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, saboda haka ba sabon abu kuke nema ba. Haka kuma ana iya waƙafta inji domin zawarawa da marayu, ƙungiyarku ta riƙa kula da shi.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ma'aikatu kan yi sakaci da shi. Kuɗin noman rani da aka saki a watan Maris ya makara, domin mai albasa ya daɗe da dasawa. Ku sa a rubuta watan da za a saki duk abin da aka yi alkawari.

Hanya ta uku da manufa ke ɗaga sabuwar dabara ita ce gwamnati ta zama mai saye. Idan ma'aikata tana da shirin taimaka wa mata masu lambu, za ta iya biyan ku kuɗin shayar da gonakinsu bisa farashin da kuke karɓa daga kowa, a biya bayan an je an ga ruwa ya kwanta a fangali. Ta haka tallafin ya isa ga wadda ake nufi, ku kun sami ciniki tabbatacce da za ku nuna wa banki, sauran masu haya kuma ba su da hujjar ƙin biya.

Wani lokacin ma ba kuɗi ne abin da ake buƙata ba. A Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe an gudanar da wani tsari tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda ake horar da direbobin haya su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti idan haihuwa ta zo da gardama, ko da tsakar dare ne. Ladan direban da ya yi wannan aiki shi ne idan ya dawo tasha a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Duk wanda ya san tasha ya san darajar wannan, domin direba kan yini yana jiran layinsa ya zo. Ba a sayi motar asibiti ko ɗaya ba a wannan tsari, an dai gane abin da ke da daraja a wurin direba, hukumomin lafiya kuma suka amince da shi suka haɗa shi da asibitocinsu. Ku tambayi kanku mene ne makamancin wannan a wurinku. Wataƙila ɗaki ne a sakatariyar ƙaramar hukuma da za ku riƙa ajiye farantai saboda ɓarayi, ko malamin gona da zai riƙa zagayawa tare da ku, ko gurbin horar da yaranku gyaran injin sola a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi.

Sai dai kada ku ɗauka cewa duk wata ƙa'ida cikas ce. Injin fetur yana da birki a jikinsa, domin manomi kan kashe shi da zarar ya tuna kuɗin mai. Na sola ba shi da wannan birki, muddin akwai rana zai yi ta jan ruwa. Idan injinan suka yawaita a fadama ɗaya, ruwan ƙasa na iya ja da baya a ƙarshen rani, kuma mai ƙaramar rijiya ne zai fara rasa ruwa, wato daidai mutumin da kuka kafa ƙungiyar dominsa. Auna zurfin ruwan ƙasa da sanar da lokacin sakin ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori aikin hukuma ne, musamman hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, kuma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi ta nuna abin da rashin samun labari da wuri ke jawowa. Ku nemi a riƙa ba ku waɗannan bayanai, ku kuma ku yi tayin rubuta zurfin ruwan rijiyoyin da kuke aiki da su a kowane wata ku miƙa musu. Gwamnatin da ta san aikinta takan bar sabon abu ya fara tafiya tana lura da shi kafin ta ɗaure shi da doka, kamar yadda Babban Bankin Kenya ya yi wa tsarin aika kuɗi ta waya na M-Pesa a 2007, amma hakan yana yiwuwa ne kawai idan masu aikin suna buɗe mata littattafansu.

Game da masu tsoron kada a yi muku alkawari a manta, tsoronsu yana da tushe, kuma maganinsa rubutu ne da bibiya. Bayan gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara daga 2010, an yi alkawarin kuɗin tsabtace garin Bagega amma aka yi ta jan ƙafa, har sai da matasan da suka kafa Follow The Money, shirin bin diddigin kuɗin gwamnati, suka matsa lamba tare da wasu ƙungiyoyi, sannan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013. Ku ma duk abin da aka amince da shi a ganawar, ku nemi a mayar da shi yarjejeniya da ma'aikata, mai ɗauke da sa hannun babban sakatare, domin kwamishina na iya tafiya gobe amma ma'aikata tana nan. Ku nemi a nuna muku layin da kuɗin yake a cikin kasafin shekara. A cikin yarjejeniyar kuma a rubuta ƙarara cewa zaɓen wanda za a ba haya da yanke farashi suna hannun ƙungiya, kuma ba za a liƙa hoton kowane ɗan siyasa a jikin injinan ba.

Ranar ganawar, ku tafi da littafin hayarku na asali, wanda ke nuna sunan gona, ranar da aka kai inji, abin da aka biya da abin da ya rage, tare da jerin waɗanda suka nema ba su samu ba. Ku tafi da ɗaya daga cikin matan da ke haya ta yi bayani da bakinta. Idan jami'an suka ce a bana injina kawai ke cikin kasafinsu, ku karɓa bisa sharaɗin a rubuta su a matsayin kadarar ƙungiya da za a riƙa bayarwa haya kamar sauran, a kuma ware wani kaso na hayar a asusun gyara da sayen sababbi.