Amsoshin Tambayoyinku: Kafin A Sayi Littafin Soyayyar Zamanin Kaboyi

Wasiƙu uku ne suka iso ni a kan abu ɗaya, wato littattafan soyayya na Turanci waɗanda aka gina labarinsu a yammacin Amurka na ƙarni na 19, zamanin kaboyi da amalanke da garken shanu. Shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na ga wani littafi a Amazon, labarin wata budurwa da ta bar birninsu a gabashin Amurka ta tafi Montana, can yamma, ta auri makiyayin da ba ta taɓa gani ba, sai dai wasiƙa da suke yi wa juna. Raina ya biya, amma da na duba ra'ayin waɗanda suka karanta sai kaina ya ɗaure. Wasu sun ba shi tauraro biyar, wai har kuka suka yi. Wasu tauraro ɗaya, wai labarin tafiyar hawainiya yake, kuma wai babu mace mai hankali da za ta yi wannan kasada. Da tsadar dala a yanzu ba na son in zuba kuɗina a rijiya. In saya ko in haƙura? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye ƙirgen taurari tukuna, ki dubi dalilin da kowa ya bayar. Kin kawo mini ƙorafi biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Bari in fara da na biyun, don shi ne ya fi taɓa ni. Mai cewa babu macen da za ta yi wannan tafiya, da mudun yau take auna hatsin jiya. Bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, maza suka yi ta kwarara yamma, har ƙidayar 1850 ta nuna cewa a cikin kowane mutum goma na jihar, fiye da tara maza ne. Can gabas kuma sai yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya ci rayuka sama da 600,000, kusan duk maza, ya bar zawarawa da 'yan mata babu manema. A garin Lowell na jihar Massachusetts, masaƙun da mata ke aiki sun tsaya saboda audugar kudu ta daina zuwa. Daga wannan yanki ne wani mutum mai suna Asa Mercer ya ɗauki 'yan mata a 1864 ya kai su Seattle, a gaɓar tekun yammacin ƙasar, ta jirgin ruwa, ya sake komawa ya kawo wasu a 1866. Jaridu kuma suna buga sanarwar masu neman aure, a yi ta musayar wasiƙa da hoto har a daidaita. Macen da ba ta da gado, ba ta da aiki, tana raɓe a gidan ɗan'uwa, idan ta amsa irin wannan wasiƙa ba wauta ta yi ba. Lissafi ta yi. Mu kuwa da muka tashi muka tarar da kakanni waɗanda sai bayan ɗaurin aure suka san juna da kyau, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ƙorafin tafiyar hawainiya shi ne wanda ya kamata ki tsaya a kai, domin ya danganta da irin abin da zuciyarki take so. A irin wannan labari, ana ɗaura aure tun a babi na biyu ko na uku, soyayyar ce ke zuwa a makare. Abin da ya cika tsakiyar littafin aiki ne. Amarya ta sauka ta tarar da ɗaki ɗaya, maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiyar sa'o'i a kan doki. A filayen Kansas da Nebraska inda itace ya yi ƙaranci, da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa ake gina gida, kuma busasshen kashin dabbobi ake sa wa a murhu. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce yin sabulu, ita ce ɗinki. Ga sanyin da ba wasa ba: hunturun 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu ba adadi a Montana da Wyoming da Dakota, ya karya makiyaya da yawa. A cikin wannan hali marubuciya mai gwaninta ba ta buƙatar dogon zancen ƙauna. Mijin ya shigo da dare hannunsa ya sandare, ya ga an ɗinke masa safar hannun da ta yage an ajiye kusa da wuta. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Da asuba ta fito ta ga ya sassaƙa mata ɗan benci a gindin taga, inda ya lura tana tsayawa tana duban hanya. Ni irin wannan ne ke sa in kasa ajiye littafi. Wata kuwa za ta ce shafi ɗari ya wuce ba a yi komai ba, ta ba shi tauraro ɗaya, kuma gaskiyarta ta faɗa. Ke kika san wacece ke a cikin biyun nan.

Akwai ƙorafin da idan kika ga mutum uku ko huɗu sun maimaita shi, to ki riƙe kuɗinki. Na farko, a ce labarin bai ƙare ba, an yanke shi ne don a tilasta miki sayen na biyu. Sai kuma a ce kurakuran rubutu sun yi yawa, alamar ba a tace shi ba. Sai wanda ya fi duka muni, a ce jarumin yana dukanta ko yana wulaƙanta ta, marubuciyar kuma tana kiran abin so. Masu sanin tarihi ma sukan kama marubuci da sakaci, misali ya sa jaruma ta hau jirgin ƙasa ta ratsa Amurka kafin 1869, shekarar da aka haɗe layin dogon gabas da na yamma a Utah, ko ya kewaye gona da waya mai ƙaya tun kafin shekarun 1870. Wanda bai damu ya bincika wannan ba, da wuya ya damu da sauran. Irin waɗannan bayanai a wurin masu tauraro uku aka fi samunsu, don su ne ke faɗin abin da ya yi da wanda bai yi ba.

Tunda abin da kika gani bai wuce waɗancan biyun ba, ni dai na karkata ga ki saya. Amma kafin nan ki sauke samfurin kyauta da Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, ke bayarwa, shafukan farko ne na littafin, ki karanta a wayarki. Idan kuma kina son ɗanɗana yanayin ba tare da kashe ko sisi ba, akwai The Virginian na Owen Wister, wanda ya fito a 1902, labarin kaboyi a Wyoming da wata malamar makaranta da ta zo daga Vermont. Yana nan kyauta a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai. Turancinsa na da ne, yana buƙatar haƙuri.

Tambaya: Salamu alaikum 'yar'uwa. 'Yata shekararta 17, tana son karatun Turanci, kuma ƙawarta ta kwaɗaita mata irin waɗannan littattafai. A wurin masu gwanjon littattafai nake son in saya mata. Yaya zan gane wanda babu batsa a ciki? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka da wannan kula. Tsoronki yana kan hanya. Daga farkon shekarun 1970 har cikin na 1980 an yi yayin wasu littattafai masu kauri da ke bayyana sha'anin ɗaki filla-filla, wasu har da fyaɗen da ake juya shi ya koma soyayya, kuma irinsu suna da yawa a gwanjo. Bango yakan tona asiri: namiji ba riga, mace rigarta na zamewa, ki mayar da shi inda kika ɗauko. Amma bango mai hoton doki da tsauni ba shaida ba ne. Ki rubuta sunan littafin a Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke sharhin littattafai, tun kina tsaye a wurin mai sayarwa. Idan masu sharhi suna kiransa clean ko sweet, suna nufin babu bayanin kwanciya. Idan suna cewa steamy, akwai. A nan ma ƙorafin wata zai yi miki amfani, don wadda ta rage tauraro saboda wai littafin ya cika kunya, ta nuna miki wanda kike nema.

Abu ɗaya da ya kamata ki sani: da yawa daga cikin masu tsabtar, kamfanonin ɗab'i na Kirista ne ke fitar da su. Fitacce a cikinsu shi ne Love Comes Softly na Janette Oke, 'yar Kanada, wanda ya fito a 1979, labarin matar da mijinta ya rasu suna isa yamma, ta auri wani da matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙarama. Babu batsa, amma akwai addu'o'i da koyarwar addinin marubuciyar a ciki. Na faɗa miki ne don ki yanke hukunci da saninki, wataƙila ma ki fara karantawa kafin ki miƙa mata.

Kuma don Allah ki duba shafukan ƙarshe kafin ki biya. Na taɓa sayen wani a bakin titi, na kwana biyu ina bin labarin, ina zuwa inda mijin ya bi sawun matarsa cikin dusar ƙanƙara sai na tarar an yage sauran. Har yau abin yana raina.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni tun ina yaro nake kallon fim ɗin kaboyi. Maiɗakina ta ce in sayo mata wani littafi, labarin Baturiya da Indiyawan daji suka sace, daga baya ta kamu da son jaruminsu. Na ga wasu na yabonsa, wasu kuma na cewa cin mutunci ne ga mutanen. Shin ba tsananin ƙorafi ba ne kawai irin na mutanen yanzu? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, barka kadai. A'a, ba ƙorafin banza ba ne, kuma ina roƙonka ka saurare su. Ko sunan nan da muka saba da shi, Indiyawan daji, daga kallon waɗancan finafinai ya zauna a bakinmu. Mutanen nan su ne 'yan asalin ƙasar, kuma al'ummomi ne daban-daban masu harsuna da shugabanni da dokokinsu: Comanche, Lakota, Cheyenne, Apache da sauransu.

Satar ta faru a tarihi, ba ƙage ba ne. A 1836 mayaƙan Comanche suka kai hari wani sansani a Teksas suka tafi da yarinya mai kimanin shekara tara, Cynthia Ann Parker. Ta girma a cikinsu, ta auri wani shugabansu mai suna Peta Nocona, ta haifi 'ya'ya uku. Bayan shekara 24, a 1860, dakarun Teksas suka kama ta tare da 'yarta ƙarama suka mayar da ita ga danginta Turawa. Ita kuwa a lokacin ta zama 'yar Comanche a harshe da zuciya. Ta yi ta ƙoƙarin gudu ta koma, ba a bar ta ba. 'Yar ta rasu, ba ta sake ganin 'ya'yanta maza biyu ba, ita ma ta rasu cikin baƙin ciki kimanin shekara goma bayan an mayar da ita. Ɗanta Quanah Parker shi ne ya jagoranci ragowar mayaƙan Comanche har suka miƙa wuya a 1875. Duk lokacin da na tuna matar nan, an raba ta da gida sau biyu, sai in ji ba zan iya karanta labarin da ya mayar da irin wannan abu kayan nishaɗi kawai ba.

Abin da masu sukar ke faɗa shi ne, yawancin waɗannan littattafai suna zana namijin a matsayin ɗan daji kyakkyawa wanda sai Baturiya ta zo ta wayar da shi, mutanensa kuma ba su da suna balle magana. Ba a ambaton kisan gillar Sand Creek na 1864 da aka yi wa Cheyenne da Arapaho, yawancinsu mata da yara, ko na Wounded Knee a 1890. Ba a faɗin yadda aka karkashe ɓaunayen da rayuwar mutanen nan ta dogara a kai, daga miliyoyi har suka koma ƙasa da dubu ɗaya a ƙarshen shekarun 1880. Finafinan da muka kalla ma sun ɓoye mana wasu: masana tarihi da dama na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaboyin da suka kora shanu daga Teksas zuwa Kansas baƙar fata ne, ga kuma 'yan Meziko waɗanda a wurinsu aka koyi sana'ar tun farko.

Ban ce kada ka saya ba. Ka koma ka duba sharhin da kyau. Shin littafin ya ambaci al'ummar da sunanta, ko kuwa ya dunƙule su duka wuri ɗaya? Shin a cikinsu akwai uwa da kaka da ƙanwa masu bakin magana, ko jarumin ne kaɗai mutum? Kalmar savage a sunan littafi ko a bayan bangonsa, wadda ke nufin ɗan daji marar wayewa, ta isa ta sa ka ajiye shi. Idan ka ci karo da sharhin wanda ya ce shi ɗan ɗaya daga cikin al'ummomin nan ne, ka ba maganarsa nauyi fiye da ta sauran, domin kakanninsa ake zancen. In littafin ya faɗi wannan jarrabawa, ka nemo wa maiɗakin naka wani daga cikin na matan da suka mallaki gona da kansu. Wata dokar Amurka ta 1862 ta bai wa duk wanda ya kai shekara 21, har da zawarawa da matan da ba su yi aure ba, damar karɓar fili eka 160 idan ya zauna a kai ya noma shi shekara biyar, kuma mata da yawa sun karɓa. Akwai labaran soyayya masu daɗi da aka gina a kan irin waɗannan mata. Ka gaida mini ita.