Kuɗin tarayya da tsohon titin masana'antu a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya ƙaramin gari a Amurka zai samu kuɗin gwamnatin tarayya ya sabunta titin masana'antu da manyan motoci suka ragargaza.

Manyan hanyoyi biyu ne. Akwai kason da tarayya ke raba wa jihohi bisa ƙa'ida, wanda sai aikin ya shiga jadawalin ayyukan jiha. Idan yankin birni ne mai mutane sama da 50,000, sai aikin ya fara bi ta hukumar tsara sufuri ta yankin. Akwai kuma tallafin gasa na Ma'aikatar Sufuri, irin su INFRA mai fifita jigilar kaya, da BUILD, wanda ya soma a 2009 da sunan TIGER. Dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ƙara musu kuɗi.

Inda gizo ke saƙa shi ne tarayya galibi kashi 80 cikin 100 take ɗauka, kuma sai gari ya kashe nasa sannan a mayar masa. Ga binciken muhalli, ga sharaɗin amfani da ƙarfen da aka ƙera a Amurka, ga albashin ma'aikata bisa dokar Davis-Bacon ta 1931, wadda ta wajabta biyan albashin da aka saba biya a yankin. Duk suna cin lokaci.

A ganina kada gari ya nemi kuɗin shimfiɗa kwalta kawai. Ya haɗa da magudanan ruwa, faɗaɗa kwanoni don tireloli, mahaɗar layin dogo da hanyar masu tafiya a ƙasa, ya kuma kawo alƙaluman haɗurra da na motocin kaya da ke bin titin, domin a gasar ana auna amfanin aiki da kuɗin da zai ci.