Malam, ka gina wa mai ƙaramar waya tukuna

Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka daɗe kana ɗora darussan adabin Hausa a Facebook, amma ɗalibai in sun koma neman na baya ba sa samu, shi ya sa kake shawarar buɗe shafinka na kanka. Kana tambaya tsakanin Blogger da WordPress, manhajojin gina shafi, wanne ya fi, da kuma yadda za a yi shafin ya yi kyau. Ni ma ina da nawa shafin da nake rubutu, ina kuma haɗa wa mutane nasu, bari in faɗi abin da na gani.

Ka buɗe, wannan ba sai an ja ba. Facebook don abin yau aka gina shi, darasin da ka kwana kana rubutawa kan salon waƙar baka jibi ya nutse ƙarƙashin hotunan biki. Kuma gidan haya ne, mai gida na iya cewa a tashi. Waɗanda suka riski zamanin Yahoo Groups sun san irin muhawarar da marubuta da manazarta Hausa suka yi a can, a 2020 aka rufe shi. Google+ an rufe shi a 2019. A nan gida ma, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta toshe Twitter, wanda duk aikinsa yake can sai ya zuba ido. Ba cewa nake ka bar Facebook ba, can mutanenka suke. Ka riƙa sa cikakken darasi a shafinka, ka ɗauki sakin layi ɗaya ko biyu ka kai Facebook da WhatsApp tare da adireshin.

Batun Blogger da WordPress ba ya buƙatar dogon bayani. Blogger kyauta ne, na Google ne tun 2003, ba ka biyan kuɗin masauki, wato wurin da ake ajiye shafin a intanet, kuma ba shi da abubuwan lalacewa da yawa. WordPress, wato wanda ake girkawa a masaukin da ka biya, ya fi ba ka iko, amma kullum da hidima: sabunta wannan, gyara wancan, biyan kuɗi duk shekara. Tun da aka saki naira a 2023, duk abin da ake biya da dala ya zama aiki. Malamin makaranta da ke son rubutu kawai, Blogger ya ishe shi. In ka girma ka fi ƙarfinsa, ana kwashe rubutu daga can a kai WordPress.

Abin da zan nace maka a kai shi ne sunan shafi, wanda ake ce wa domen. Ka sayi naka. Mai ƙarewa da .com.ng da naira ake biya, a hannun kamfanonin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su, kuma Blogger na yarda ka liƙa masa shi. In sunan naka ne, ko ka canja masauki gobe, adireshin da ɗalibai suka haddace yana nan. Amma a yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, kai da kanka ka riƙe kalmar sirri. An taɓa kawo mini wata makarantar Islamiyya da wani yaro ya haɗa wa shafi, ya yi rajistar komai da imel ɗinsa, daga baya ya samu aiki ya bar garin, lambarsa ta daina shiga. Lokacin sabuntawa ya zo, saƙon tunatarwa na ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Ranar da suka farga, sunan ya riga ya fita daga hannunsu, ga shi sun buga shi a jikin allon makaranta da takardun shiga. Yaron bai yi da mugunta ba, sakaci ne kawai, amma asarar ɗaya ce.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya, maganar kyau. Yawancinmu a kan babbar kwamfuta muke tsara shafi, cikin ɗaki, da intanet mai ƙarfi, sai mu ga ya burge mu. Wanda zai karanta kuwa ɗalibinka ne, yana cikin adaidaita sahu, da ƙaramar wayar da gilashinta ya tsage, rana na dukan fuskarta, data ta kusa ƙarewa, wataƙila ma da Opera Mini ya buɗe. Shi za ka sa a gaba a duk shawarar da za ka yanke. Ka ari irin wayar nan, ka fita tsakar gida da azahar, ka buɗe shafin. Abin da ka gani a nan shi ne shafinka na gaskiya.

Da ka yi haka za ka ga abubuwa da yawa sun faɗi da kansu. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda masu zane ke so, ɓacewa yake yi cikin rana. Baƙi a kan fari, ko abin da ya yi kusa da haka, shi ne magana. Girman harufa kada ya gaza fiksel 16, domin ba ɗalibai kaɗai za su zo ba, har da malamai 'yan'uwanka da ido ya fara gajiya. A kan kwamfuta kuma kada layi ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, harufa 60 zuwa 70 a layi sun isa, in ya wuce haka ido na ɓata wajen dawowa farkon layi na gaba. Hotunan nan masu juyawa a saman shafi, da rubutu mai gudu kamar na ƙasan talabijin, da agogo, da akwatin da ke faɗowa yana cewa a yi rajista tun mutum bai karanta ko kalma ɗaya ba, duk ka cire. Ban taɓa jin wanda ya ce ya dawo wani shafi don agogonsa ba.

Hoto shi ne babban mai cin data. Wanda ka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 ko 4, in ka jera biyar a darasi ɗaya ka cinye wa yaro abin da zai karanta darussa masu yawa da shi. Kafin ka ɗora, ka rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, ka matse shi da Squoosh ko TinyPNG, duk kyauta ne, sai ya dawo ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Sannan ina roƙonka, kada ka ɗauki hoton rubutu ka sa a matsayin darasi. Google ba zai kawo shi yadda ya kamata ba, ɗalibi ba zai iya kwafar baiti ɗaya ba, makaho mai amfani da manhajar karanta fuskar waya kuma ba abin da zai ji.

Akwai matsalar da mu masu Hausa muke da ita wadda darussan YouTube na Turawa ba za su faɗa maka ba, ita ce ta harufa masu lanƙwasa. Kai malamin Hausa ne, ba za ka rubuta su yadda aka ga dama ba. Yawancin rigunan shafi, wato shiryayyen zanen da ake sa wa shafi, masu ƙyalli suna zuwa da salon harufan da babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Sai waya ta aro su daga wani salon, ka ga kalma tana tafiya lafiya, tsakiyarta harafi ɗaya ya yi kauri ko ya tsuke, a tsohuwar waya ma ya fito akwati. Kafin ka amince da kowace riga, ka rubuta jimla mai ɗauke da su duka, manya da ƙanana, har da ƴ ta mutanen Nijar tun da su ma za su karanta, ka duba ta a rubutun yau da kullum, da mai kauri, da na kan magana. Sau da yawa jikin rubutu ya yi daidai, kan magana ne ke tona asiri. Salon harufan Noto Sans na ɗauke da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk kyauta.

Wuri ɗaya ne nake cewa a ajiye lanƙwasa, shi ne cikin adireshin darasi. In ka bar ƙ a ciki, wata manhajar ta zubar da harafin, wata ta mai da shi %C6%99, adireshin ya yi tsawo ya yi muni in an tura a WhatsApp. Ka gyara shi da hannu, gajere, da harufa marasa lanƙwasa, kan maganar kuwa ka rubuta shi da cikakkiyar ƙa'ida.

Sai tsari. Bulogi, wato irin shafin da Blogger ke ba ka, na jera abu ne daga sabo zuwa tsoho, in ka bar shi haka ka sake gina matsalar da ta kore ka daga Facebook. Ka yi shafi ɗaya tsayayye, ka kira shi Jerin Darussa, ka kasa shi yadda kake koyarwa a aji: adabin baka, rubutacciyar waƙa, zube, wasan kwaikwayo. Ƙarƙashin kowanne ka jera darussa daga na farko. A ƙarshen kowane darasi ka sa hanyar zuwa na gaba. Ka sa akwatin bincike a inda ake gani, ka sa kwanan wata, ka rubuta ko kai wane ne da inda ka samo abin da kake faɗa. Wannan jerin, a wurina, ya fi duk wani launi da za ka zaɓa amfani.

Rigunan kuɗi da ake rabawa kyauta a Telegram, ka guje su. Na sha buɗe irinsu in tarar an cusa adireshin shafukan caca a ciki, mai shafi bai sani ba sai da iyayen yara suka fara yi masa waya. Wadda Blogger ya zo da ita ta wadatar.

Ba ka tambayi kuɗi ba, amma na san za a zo maka da maganar AdSense, tsarin Google na sa talla a shafi a biya mai shi. Suna da jerin harsunan da suke karɓa, ka duba shi kafin ka ɗora buri, kuma ba sa biya sai kuɗi sun taru sun kai dala 100. Da ni ne kai, sai in bar shafin babu talla, in darussan sun taru in haɗa su littafi.

Duk wata ka sauke kwafin rubutunka daga Blogger ka ajiye a waje biyu. In ka ɗora darussa uku na farko, turo adireshin nan, zan duba maka harufan da nauyin hotunan in sha Allah.