Tambaya da Amsa: Mesa a Bokitin Fenti, Hajiya Ta Ce Ba Za Ta Saɓu Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Likita. Ni ɗalibi ne a Zariya, shekarata 23. Mako uku da suka wuce wani abokina da ke kiwon macizai a Legas ya ba ni 'yar ƙaramar mesa, irin mai dunƙulewa kamar curin fura idan ta tsorata. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Na sa ta a bokitin fenti, na huda murfin, na ɗora bulo a kai. Shekaranjiya da asuba na tarar murfin ya karkace, rabin jikinta a waje. Hajiyarmu ta ce ko in san yadda zan yi da ita, ko mu tattara mu bar mata gida ni da macijin, don akwai ƙannena biyu ƙanana. Ga hotonta nan na turo. Wane irin akwati zan haɗa mata? Allah ya ƙara girma.

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata ina bayanta. Wanda ya taso a ƙasar da kububuwa ke sarar manoma duk damina ba za a ce masa ya saki jiki da maciji a cikin gida ba. An ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, mu kuwa gaba ɗayanmu an sare mu, ko da a jikin wani dangi ne.

Na duba hoton da kyau. Abin da ke hannunka ita ce ƙaramar mesar da masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, kuma 'yar yankinmu ce, daga Togo da Benin da Gana ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka, inda ta zama ɗaya daga macizan da aka fi kiwo a gida. A garin Wida na Jamhuriyar Benin har ɗaki aka gina musu, masu yawon buɗe ido na rataya su a wuya. Girmanta yakan tsaya tsakanin mita ɗaya da ɗaya da rabi. Amma tana iya shekara 20 zuwa 30 a raye, wato sai ka yi aure, ka aurar da 'ya, tana nan. Ka auna wannan tun yanzu.

Ga sauran masu karatu kuwa, kada wani ya ga ɗan gajeren maciji mai zane a gona ya ce ai irin na yaron Zariya ne. Kububuwa ma gajera ce mai zane, idan ta fusata sai ta riƙa goga jikinta yana ƙara kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Ita ce ke cika gadajen asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gwambe. Mai dafi ba abin kiwo ba ne, ko gardi ne ya rantse maka ya cire haƙoran, domin suna sake fitowa.

To, bari mu zo kan bulonka. Ni ma na yi wannan wauta. Shekarun baya an kawo min irin wannan mesa da rauni a baya, na ajiye ta a akwatin gilashin kifi, na rufe da raga, na danne da manyan littattafai biyu. Washegari babu ita babu dalilinta. Kwana tara muna ɗaga katifu da buhuna, maiɗakina ta kwashe yara ta koma gidansu. A ƙarshe a bayan firij na same ta, ta naɗe kusa da injin saboda ɗumi, ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Abin da na koya shi ne, maciji ba ya buƙatar ɗaga nauyin gaba ɗaya. Hancinsa yake kafawa a kusurwa, ya yi ta turawa dare guda, ba ya gajiya, ba ya gaggawa. Da ya samu 'yar kafa da kansa zai shiga, sauran jikin ya bi. Nauyi a kan murfi ba kulle ba ne.

Saboda haka ka je wurin kafinta, ka tsaya a kansa. Akwatin katako mai kauri, tsawo santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Wannan zai ishe ta har ta girma, ba sai ka sake kashe kuɗi ba. Ƙofa ta kasance ta gaba, ba ta sama ba, domin hannun da ke saukowa daga sama kamar shaho yake a wurinta. Idan gilashi mai zamewa za a sa, tsagin da ke tsakanin gilasan biyu kada ya wuce kaurin kwali, kuma a sa masa makullin nan irin na kantar masu sayar da waya. Ni dai na fi son ƙofa mai fata, da sakata biyu, sama da ƙasa, da kwaɗo a tsakiya. Sakata ɗaya a tsakiya takan bar kusurwa tana lanƙwasawa, nan kuwa za ta nufa. Kwaɗon ba don mesar kaɗai ba ne, don ƙannenka ne da abokansu da za su zo kallo ranar da ka tafi makaranta.

Kafar iska ita ce inda mutane ke sakaci. A shekarar 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, wata babbar mesar Afirka mai kusan mita 4 ta bi bututun iska ta fita daga inda aka tsare ta, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan gida ɗaya ke barci, mai shekara 4 da mai 6, ta kashe su. Taka ba za ta taɓa kai wannan girman ba, ba ta da ƙarfin yi wa yaro haka. Na kawo labarin ne don ka ga ta inda aka samu ɓaraka: ba gilashi ya fashe ba, rami ne aka bari ba murfi. Kai ma ka huda ramukan iska a gefe biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa ɗaya sama-sama, ka rufe su da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, a ɗaure da sukurori daga ciki. Ragar sauro ta roba ba ta aiki. Inda waya za ta shiga, a toshe kewayen. Idan an gama, ka sa tocila a ciki da dare, ka kashe fitilar ɗaki, ka zagaya. Duk inda haske ya fito inda ba ka yi niyya ba, a koma wurin kafinta. A shafa wa katakon fenti mai hana ruwa shiga, a bar shi ya sha iska har warin ya tafi sarai kafin ta shiga.

Abin da za ka gani a intanet yawanci mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, kullum maganarsu yadda za a ɗumama akwati. Mu tamu matsalar biyu ce. Gefe ɗaya na akwatin ana so zafinsa ya kai maki 31 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, ɗaya gefen 25 zuwa 27, ita ta zaɓi inda take so. A watan Afrilu kuwa ɗakin samari mai rufin kwano ba silin yakan zarce 40, kuma wannan zai kashe ta cikin yini ɗaya, don ba ta da ramin gudu. A daji cikin ramin ɓera ko suri take wuni, sai dare ta fito. Ka ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, a ƙasa-ƙasa, nesa da taga, rana kada ta taɓa gilashin ko na minti goma. Ka sayi ma'aunin zafi biyu, ɗaya kowane gefe, sun fi tafin hannunka gaskiya.

Da hunturu kuma labari ya juya. Daren Zariya a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da 15, ga iska a bushe ƙamas. Tana son laimar iska kamar kashi 60 cikin 100, in ba haka ba saɓarta ta riƙa fita guntu-guntu, wani ya maƙale a ido ko a bakin wutsiya. Maganin wannan mai sauƙi ne: robar abinci mai murfi, a huda mata ƙofa a gefe, a zuba ɓawon kwakwa mai danshi a ciki. Ɗumi kuwa akwai shimfiɗar lantarki da ake sa wa a gefe ɗaya, amma dole da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai, domin maciji yakan kwanta a kan abu har ya ƙone cikinsa bai motsa ba. Ranar da aka ɗauke wuta, gorar ruwan ɗumi a naɗe da tawul ta wadatar. Kada ka kusanto da gawayi ko risho.

Kayan ciki ba sa cin kuɗi. Tsohuwar jarida a ƙasa, kada ka sa yashi ko garin katakon kafinta. Maɓoya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi. Ni ƙwarya nake kifewa in yanke mata baki, ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka goge kaifinta. Maɓoyar ta matse ta kaɗan, haka take so. Kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba.

Abu biyu na cikin gidajenmu da ke kashe macijin kiwo shiru: fiya-fiya da ɓeran gida. Kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin da take. Ɓeran da ka kama a kicin kuma wataƙila ya riga ya ci gubar maƙwabta. Ka nemi fararen ɓeraye wurin masu kiwonsu, ka ba ta matacce, guda ɗaya duk mako yanzu da take ƙarama, idan ta girma duk kwana 10 zuwa 14. Mai rai yakan cije ta. Bayan ka taɓa ta ko akwatinta ka wanke hannu da sabulu, domin macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, kuma ƙananan yara ta fi kayarwa. Kwanonta kada ya haɗu da kwanukan Hajiya a wurin wanke-wanke.

Ka kuma leƙa sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiharku ka ji batun izini, don mesa na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, Najeriya kuma na da dokarta tun 1985.

Yau da dare, kafin kafinta ya gama, ka cire ta daga bokitin nan ka sa ta a babbar roba mai murfin da ke ƙullewa ta gefe huɗu, ka huda ƙananan ramuka, ka ɗaure da igiyar roba biyu. Ranar da akwati ya iso, ka kira Hajiya ta girgiza ƙofar da hannunta, ta ga tocilar nan da idonta, sannan ka miƙa mata makulli ɗaya. Idan duk da haka ta ce a'a, gidanta ne, ka kira abokinka na Legas ya zo ya ɗauki abarsa. Kada ka sake ta a bayan gari, yara za su gama da ita da duwatsu kafin la'asar.